James Clerk Maxwell (1831–1879): Taƙaitaccen Tarihin Masanin da Ya Gano Dangantakar Haske da Lantarki

An haifi James Clerk Maxwell a birnin Edinbura na ƙasar Sukotland ranar 13 ga Yuni, 1831. Ya tashi a gandun iyayensa na Glenlair, kuma yana ɗan shekara takwas mahaifiyarsa ta rasu. Ya yi karatu a Jami'ar Edinbura, daga bisani ya koma Kambirij, inda ya kammala a 1854. Ya koyar a Abadin daga 1856, sannan a Kwalejin King da ke Landan daga 1860 zuwa 1865.

A wancan zamani masana sun yi ittifaƙi cewa haske tafiya yake yi kamar igiyar ruwa. Tun da igiya ba ta tashi sai da abin da zai ɗauke ta, sai suka ƙaddara cewa akwai wani abu marar ganuwa da ya cika sararin samaniya, suka kira shi eta. A kan wannan zato Maxwell ya ɗora aikinsa. Ya ɗauki tunanin Michael Faraday game da layukan ƙarfin maganaɗisu, ya mayar da shi lissafi. A maƙalarsa ta 1861 zuwa 1862 ya siffanta eta da ƙananan guguwoyi masu juyawa, da 'yan ƙwayoyi a tsakaninsu. Da ya auna gudun igiyar da za ta ratsa wannan tsari, bisa alƙaluman Weber da Kohlrausch, sai ya samu kimanin kilomita 310,000 a daƙiƙa guda, wato kusan gudun haske kamar yadda Fizeau ya auna shi. Daga nan ya yanke cewa haske kansa igiya ce ta lantarki da maganaɗisu.

A 1871 ya zama farfesa na farko a ɗakin gwaje-gwaje na Cavendish a Kambirij, a 1873 kuma ya fitar da babban littafinsa kan lantarki da maganaɗisu. Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 5 ga Nuwamba, 1879, yana da shekara 48, alhali babu wanda ya tabbatar da hasashensa a aikace.

Sai a 1888 Heinrich Hertz ya bayyana cewa ya samar da igiyoyin a Jamus, abin da ya share fagen rediyo. Amma gwajin Michelson da Morley na 1887 ya kasa gano alamar eta, kuma a 1905 Einstein ya nuna babu buƙatarta. Ginshiƙin da Maxwell ya jingina da shi ya rushe, lissafinsa kuwa har yau da shi ake aiki.