Pelletier, mutumin da ya tsamo kinin daga ɓawon itace

Duk ɗan kasuwar da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa hana shi fita ranar kasuwa ya ji sunan kinin. Amma kaɗan ne suka san wanda ya fara tsamo shi.

Sunansa Pierre-Joseph Pelletier. An haife shi a birnin Paris na ƙasar Faransa a shekara ta 1788. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne, ya kuma rasu yaron yana ɗan shekara 9. Da ya girma sai ya gaji sana'ar, har ya zama malami a makarantar koyon haɗa magunguna ta Paris.

A wancan zamani maganin wannan zazzaɓi shi ne ɓawon itacen sinkona, mai fitowa a tsaunukan Peru da Bolibiya. Akan daka shi a jiƙa a sha. Sai dai wani ɓawon na da ƙarfi, wani ba shi da, ga masu algus suna gauraya shi da ɓawon wasu itatuwa. Likita bai san yawan da zai ba majiyyaci ba.

A 1820 Pelletier da abokin aikinsa Joseph Caventou suka ware sinadarin da ke kashe cutar a cikin jini, suka sa masa suna kinin. Daga nan aka iya auna shi a sikeli. Ba su ɓoye dabarar don su ci ribarta su kaɗai ba, sun bayyana ta ga kowa. A 1827 aka ba su kyautar girmamawa ta Montyon.

Pelletier ya rasu a 1842 yana da shekara 54. A 1854 wani likitan Birtaniya, William Baikie, ya hau kogin Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, mutanensa suna shan kinin kullum, kuma babu wanda ya mutu.

Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba da ƙarfi ga magungunan artemisinin, waɗanda su ma daga wata tsiro dangin tazargade suka samo asali. Har yanzu ana amfani da kinin a asibiti, amma bisa awo, domin in ya yi yawa yana sa kunne ƙara, ya rage sukarin jini, har ya taɓa ido. Saboda haka mai sayen ƙwaya a faranti cikin rana, ba suna ba awo, ya koma zamanin da Pelletier ya fid da mutane.