Wilhelm Röntgen, Wanda Ya Nuna Wa Likita Saiwar Haƙori

An haifi Wilhelm Röntgen a garin Lennep na ƙasar Jamus cikin 1845, amma a Holan ya tashi. Can aka kore shi daga makaranta saboda zanen shaƙiyanci da aka yi wa wani malami, alhali ba shi ya zana ba. Ya ƙarasa karatu a Zurich, har ya zama shaihun malamin kimiyya a Jami'ar Würzburg.

A nan ne, ran 8 ga Nuwamba 1895, ya gano wani haske mai ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Da yake bai san asalinsa ba, sai ya laƙaba masa harafin X. Ya ƙi mallake abin da rajista, don kowa ya amfana. Cikin 'yan makonni wani likitan haƙori, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoran kansa, yana zaune gaban hasken har minti 25, abin da ba likitan da zai yarda da shi yau.

A kan wannan harsashi ne Yrjö Paatero na Finland ya ƙera, cikin shekarun 1950, injin da ke kewaya kan mutum, ya haɗa haƙora duka da muƙamuƙai a hoto guda. In babur ya ka da mutumin Rawayau aka kai shi asibiti, irin wannan hoto kan nuna inda muƙamuƙi ya karye, ko haƙorin da ya maƙale cikin ƙashi.

Röntgen ya sami kyautar Nobel a 1901, ya bar wa Jami'ar Würzburg kuɗin. Faɗuwar darajar kuɗin Jamus bayan Yaƙin Duniya na Farko ta cinye abin da ya tara. Ya mutu a Munich ran 10 ga Fabrairu 1923.