John Wayne: Kaboyin da ya mutu ya bar muhawara

A watan Oktoba masoya fina-finan kaboyi kan hallara a garin Lone Pine na jihar Kalifoniya a Amurka, domin ganawa da 'yan wasan da suke ƙauna.

An soma bikin ne a 1990, shekara 11 bayan mutuwar John Wayne, wanda ya yi sukuwa a duwatsun yankin tun yana ƙaramin ɗan wasa.

An haife shi a jihar Iowa ranar 26 ga Mayun 1907, sunansa na yanka Marion Morrison.

Ya shafe kusan shekara 10 a fina-finai masu araha, kafin John Ford ya ɗaga shi da Stagecoach a 1939. Lambar Oscar ɗaya tak ya samu, a 1970, saboda True Grit.

Abin mamaki, jarumin fina-finan yaƙin bai taɓa aikin soja ba.

Wata hira da ya yi da mujallar Playboy a 1971, inda ya goyi bayan fifikon farar fata, ta sa a 2020 wasu suka nemi a cire sunansa daga filin jirgin saman gundumar Orange, amma ba a cire ba.

Sankarar ciki ce ta yi ajalinsa ranar 11 ga Yunin 1979.