Malam Ifraimu Amu, Mai Koyar da Waƙa a Ƙasar Gana

Ga labarin wani bawan Allah wanda ya rasa aikinsa saboda ganga da zane, amma bai rasa bangaskiyarsa ba.

An haifi Ifraimu Amu ran 13 ga Satumba 1899 a Peki, cikin ƙasar Ewe, sa'ad da ake ce da Gana Gwalkwas. Ubansa makaɗi ne a dā, amma da ya karɓi bishara sai ya ajiye ganga, gama a zamanin nan ana ganin kiɗan gargajiya kayan tsafi ne. A 1916 yaron ya tafi Abetifi da ƙafa domin ya koyi aikin malanta da na bishara. A 1920 ya komo gida yana koyarwa, a 1926 kuwa aka kai shi makarantar horon malamai ta ikilisiyar Firasbiteriya a Akoropon.

A can ne ya lura da wani abin da mu ma mun san shi. Harsunan Tuwi da Ewe masu hawa da sauka ne, kamar Hausa: in muryar kalma ta sauya, ma'anarta ta sauya. In aka ɗora kalmominsu bisa muryar waƙar Turawa, sau da yawa jama'a na rerawa da baki, amma kunne bai gane maganar ba. Sai ya zauna gaban tsofaffin makaɗa da mawaƙa kamar almajiri, ya koya, sa'an nan ya shiga shirya waƙoƙin da muryarsu ke bin muryar magana. Ya kuma gyara sarewar gora da ake kira atenteben, har samari suka iya busa ta tare, murya-murya, yana tsaye gabansu yana bi da su.

Wannan bai gamshi dattawan ikilisiya ba. Abin ya ƙara tsanani da ya hau wurin wa'azi sanye da zanen ƙasarsa maimakon kwat. Majalisar ikilisiya ta ce ya zaɓa: ko ya bari, ko ya bar aiki. A 1933 ya zaɓi barin aiki. Bai kafa tasa ikilisiya ba, bai kuwa daina sujada ba.

A 1934 makarantar Acimota ta ɗauke shi. Daga 1937 zuwa 1940 ya yi karatun kiɗa a Landan. A 1949 ya buɗe makarantar horon malaman kiɗa a Acimota, wadda daga baya aka mai da ita Kumasi. Daga 1962 zuwa 1971 ya yi aiki a Jami'ar Gana da ke Legon, yana koyarwa, yana shugabantar ƙungiyar mawaƙa da masu busa. A 1965 jami'ar ta ba shi digirin girmamawa. Ya huta ran 2 ga Janairu 1995, yana da shekara 95. Bayan mutuwarsa aka sa hotonsa a takardar kuɗi ta sidi 20,000, majami'u kuma suka cika da irin waƙoƙin da aka hana shi.

Kada mu yi saurin zargin dattawan nan. Sun fito daga tsafi da wahala, suna tsoron kada garken ya koma baya. Amma Malam Amu ya nuna mana ganga ba ta da addini, zuciyar mai kaɗa ta ita ce abin dubawa. Mu da muke da garaya da kalangu da sarewa, bari mu tambayi kanmu ko tsohuwar da ke zaune a bayan majami'a tana gane abin da muke rerawa. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.