Audie Murphy: Sojan da Ya Fito a Fim ɗin Yaƙinsa

A cikin 'yan wasan finafinan yaƙi na Amurka, da wuya a sami wanda ya san fagen fama kamar Audie Murphy. An haife shi a ƙauyen Kingston cikin Jihar Texas a shekarar 1925, a gidan talakawa manoman auduga. Mahaifinsa ya gudu ya bar su, mahaifiyarsa kuwa ta rasu a 1941. Tun yana ƙarami ya bar makaranta, yana tsinkar auduga, yana kuma farautar zomaye don a sami na sawa a baka. A nan ne ya gwanance da harbi.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya nemi aikin soja, amma rundunar ruwa ta ƙi shi saboda ƙanƙantar jikinsa. Sai a 1942 rundunar ƙasa ta karɓe shi, bayan yayarsa ta taimaka an ƙara masa shekaru a takarda. Aka kai shi Maroko, daga nan ya yi yaƙi a Sisili da Italiya da Faransa.

Ran 26 ga Janairu 1945, kusa da ƙauyen Holtzwihr a Faransa, Jamusawa suka taso wa ƙungiyarsa da tankoki. Murphy ya umarci mutanensa su ja da baya cikin daji. Shi kuwa ya haye wata motar yaƙi da ke cin wuta, ya kama bindigarta, ya tare abokan gaba shi kaɗai har wajen awa guda, ga rauni a ƙafa. Saboda haka aka ba shi lambar jarumtaka mafi girma ta ƙasarsa yana ɗan shekara 19.

Bayan yaƙi, ɗan wasan nan James Cagney ya ga hotonsa a mujallar Life, ya gayyace shi Hollywood. Ya fito a finafinai fiye da 40, yawancinsu na kaboyi. A 1955 ya fito a matsayin kansa cikin To Hell and Back, wanda ya kawo wa kamfanin Universal kuɗi masu yawa.

Amma fa abin da 'yan kallo ba su gani ba shi ne, yaƙin bai rabu da shi ba. Mugayen mafarkai suka hana shi barci, har yakan kwana da bindiga a ƙarƙashin matashi. Maganin barci ya kama shi, sai da ya kulle kansa a ɗakin otal mako guda kafin ya yar da shi. Daga baya ya fito fili ya faɗi ciwonsa, a zamanin da sojoji ke jin kunyar haka, ya roƙi gwamnati ta kula da waɗanda suka dawo daga Koriya da Biyetnam.

Ya rasu ran 28 ga Mayu 1971 a haɗarin jirgin sama a Jihar Virginia, yana da shekara 45. Aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.