Rowland Bingham, Mutumin da Allah Ya Rufe Wa Ƙofa Sau Biyu

Da yawa cikinmu mun san sunan Bingham, amma kaɗan ne suka san irin wahalar da ya sha kafin Bishara ta kafu a ƙasarmu.

An haife shi a Ingila a shekara ta 1872, yana saurayi ya ƙaura zuwa Kanada. Can a Toronto ya sadu da wata mai bi, mahaifiyar Walter Gowans, wadda kullum takan yi addu'a domin mutanen Sudan. A lokacin, Sudan shi ne sunan da Turawa ke kiran dukan ƙasashen nan namu da ke kudu da Sahara. Ran 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko, wato Gowans, da Thomas Kent, da Bingham. Ba mishan da ta aiko su, kuɗinsu kuwa ƙalilan ne.

Zazzaɓi ya kama Bingham, ya tsaya Ikko, su biyu suka yi arewa. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida.

Bingham ya koma gida shi kaɗai a 1895, bangaskiyarsa ta raunana ƙwarai. Sun yi addu'a, sun yi biyayya, don me fa Ubangiji ya ɗauke abokansa tun ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba? Ni kam ban ga laifinsa ba, gama wane ne cikinmu bai taɓa yin wannan tambaya a bakin kabari ba? Sa'anda ya kai wa mahaifiyar Gowans kayan ɗanta, sai ta nuna masa gara a gare ta ɗan ya mutu can cikin nufin Allah da ya zauna gida yana ƙin kira. Ba ta kuwa daina addu'arta ba.

Bingham ya duƙufa ga nazarin Littafi Mai Tsarki, ya yi aikin fasto, yana jira. A 1900 ya sāke zuwa Ikko tare da samari biyu. Zazzaɓi ya sāke kā da shi, aka sa shi a jirgi, abokan kuma suka karai suka bi bayansa. Shekara bakwai ke nan, ba komai a hannu sai kaburbura biyu.

Duk da haka bai bari ba. Da ya ga jikinsa ba ya iya ƙasar, ya yarda aikin da Allah ya ba shi shi ne ya roƙa, ya tara mutane, ya aika. A 1902 waɗanda ya aiko suka kafa tasha ta fari a Patigi, bakin Kwara, cikin Nufawa. Ya shugabanci Sudan Interior Mission har ya rasu a 1942. Bayan shekara 12 aka kafa ekklesiyar ECWA.