Marigayi Musa Ɗanƙwairo, Wanda Muryarsa Ta Raɗa Masa Suna

Duk ɗan Arewan da ke Sabon Ibadan ko Agege, in ya ji kotso ya tashi daga rediyo, wata murya siririya ta haye kan 'yan amshi kamar shaho, to ba ya bukatar a gaya masa mai ita. Haka abin yake a ƙauyuka irin su Gitata ta ƙasar Keffi.

An haifi Alhaji Musa a ƙasar Bakura, a Jihar Zamfara ta yanzu. Kiɗa gādonsa ne, domin mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne a Maradun. A cikin yaran uban akwai wani mai zaƙin murya ana ce masa Ƙwairo. Da Musa ya fara amshi aka ji muryarsa ta yi kama da tasa, sai aka laƙaba masa Ɗanƙwairo, har sunan yanka ya kusa ɓacewa.

Ya daɗe yana bin wansa Kurna kafin ya ja nasa ayarin. A nan gwanintar take: waƙar fada ba ta mutum ɗaya ba ce. Shi zai jefa magana can sama, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, ba tuntuɓe, kai ka ce baki ɗaya ne. Wannan kuwa sai an sha gwaji a gida.

Ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa. Bayan kisan gillar Janairun 1966 bai ajiye kotso ba, ya ci gaba da wasa sarakuna, ciki har da Sarkin Daura Muhammadu Bashar.

Ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ɗauki kotson. Allah ya jiƙansa.